Kajin Tsakar Gida da Haƙƙinsu a Kanmu

Duk wanda ya san zaman ƙasar Hausa, ko birni ko ƙauye, ya san da wuya a shiga gida a tarar babu kaza tana tono a gindin rumbu ko bayan madafa, har saboda tsananin sabo da ita mutane suka daina ƙidaya ta cikin dukiya, alhali kuwa ita ce dukiyar da ta fi kowace kusa da hannun talaka, musamman mata da yara, waɗanda galibi su ne masu ita. In baƙo mai daraja ya sauka, ita ake kamawa. In yaro ya kwanta babu kuɗin magani, ita ake kai wa kasuwa. Kuma sau da yawa kaza ce mafarin akuya, akuya kuma mafarin saniya. Masana sun ce asalinta wata tsuntsuwar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya, saɓanin zabo wanda shi ɗan ƙasa ne a Afirka, amma ta daɗe a hannunmu har ta cika karin maganarmu. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ci namanta, ya kuma hana zagin zakara saboda yana tayar da mutane domin salla.

Tun kafin alfijir ya keto zakara ke fara cara, da gari ya waye kuma uwargida ta janye dutsen da ta toshe bakin akurki da shi, sai ka ga kajin sun fito suna miƙa fukafukai, sun kewaye ta suna jiran abin da za ta watsa, ko tsakin dawa, ko dusa, ko ƙanzon tuwon jiya da aka jiƙa. Daga nan sai su bazu, su bi juji da garke da gefen rijiya suna tsattsagar ƙwari da tsutsa da ɗanyen haki. In rana ta take su fake a inuwa su yi birgima cikin ƙura ko toka, wanda shi ne wankansu, da shi suke kakkaɓe ƙwarƙwata. Da magariba kuwa, ba tare da an kora su ba, kowace ta nufi makwancinta. Wannan kiwon kai da suke yi shi ya sauƙaƙa riƙonsu, shi ne kuma ya jawo musu sakaci, domin mutane sun ɗauka kaza ba ta bukatar komai, sun manta cewa abin da ƙasa ke ba ta da damina da kaka ba ta samunsa da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, ƙwari suka ɓuya, rumbu kuma ya yi ƙasa. Abin da ya fi damuna ma shi ne ruwa. Gida nawa ne ake ajiye wa akuya ruwa a kwatarniya, a bar kaza ta sha na kwata? Ga shi kuwa mafi yawan abin da ke cikin ƙwai ruwa ne, kazar da ke fama da ƙishirwa ba za ta yi ƙwai na kirki ba. Kuma wanda ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, ya san dabbar da ke ƙarƙashin hannun mutum amana ce wadda za a tambaye shi a kanta.

Kazar Hausa ba mai yawan ƙwai ba ce, domin takan saka 10 zuwa 15 a jere, sa'an nan ta kwanta a kansu, ta yi haka sau 3 ko 4 a shekara, alhali kajin gidan gona, irin su Shika Brown wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar, sukan ninka ta sau da yawa. Sai dai waɗancan suna bukatar abincin saye da magani da ɗaki, kuma ba su cika yin kwanci ba. Ita kuwa tamu tana jure zafin bazara, tana neman abincinta, tana kuma da wata baiwa da ba a saye da kuɗi, wato haƙurin uwa. Kwana 21 take yi a gurbi, ba ta tashi sai don ta ɗan ci ta sha ta koma, tana jujjuya ƙwan da bakinta domin ɗumi ya game shi. Saboda wannan haƙuri nata ne ma mutanen karkara suke ɗora mata ƙwan zabi da damina, ta yi musu kwanci na kwana 26 zuwa 28, ta riƙe 'ya'yan kamar nata. Mai lura ba ya barin ta kwanta a kan duk abin da ta saka. Yakan zaɓi sababbi 8 zuwa 12 gwargwadon girman jikinta, ya yi musu shaida da gawayi don a gane wanda wata kaza ta zo ta ƙara daga baya, ya barbaɗa toka a ƙarƙashin shimfiɗar gurbi saboda ƙwari, in an yi kamar kwana 10 kuma ya haska su da tocila cikin duhu, wanda ya gani fayau babu jijiya ba duhu ya san bara-gurbi zai zama, ya fitar da shi.

To, babbar hasara ta farko a nan take farawa, wato ranar da kaza ta fito da 'yan tsaki goma a bayanta, kowa yana murna, kafin wata biyu su cika a waiwaya a ga saura uku. Shirwa ta ɗauki wasu, muzuru da gafiya sun ci wasu da dare, raɓar safiya ta jiƙa wasu sanyi ya kama su, wasu kuma gajiya ce kawai ta kashe su, domin uwar tana jan su nesa fiye da abin da ƙafafunsu za su iya. Maganin wannan bai fi babban kwando guda ba, wanda za a kife su a ciki tare da uwarsu har sati 4 zuwa 6, ana matsar da shi daga rana zuwa inuwa, ana sa musu tsaki mai laushi da ruwa a kasko marar zurfi da aka zuba wa tsakuwa don kada su faɗa su nutse. Tsofaffi kuma suna da dabarar da ta cancanci a raya ta: su cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, su yayyafa ruwa, su kife ta a inda gara take da yamma, da sassafe a ɗago a kakkaɓe wa 'yan tsaki garar da ta taru, wanda ya taɓa ganin yadda suke rububinta ya san jikinsu na bukatar abin da hatsi kaɗai ba ya ba su. Akurki kuwa ya kasance mai iska, ba mai laima ba, a share shi a kan kari, a kai kashin lambu domin taki ne mai ƙarfi, kuma kada a yarda kaji su kwana ɗaki ɗaya da yara.

Hasara ta biyu ita ce wadda ta fi karya zuciya, domin ba ta bar babba ba balle ƙarami. Da hunturu ya kama, tun daga wajen Nuwamba har zuwa Maris, sai a ji mata suna faɗa wa juna ta kan katanga cewa ciwon kaji ya shigo gari. Kazar da jiya take tono sai a gan ta yau ta takure a gindin bango, ta saki fukafukai, tana gyangyaɗi, tana numfashi baki buɗe, kashinta ya zama kore tsululu, wata ma wuyanta ya murɗe tana juyi a wuri ɗaya, kuma cikin 'yan kwanaki akurki ya zama kango. Likitocin dabbobi suna kiran wannan annoba ciwon Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda ta ɓulla a shekarar 1926, shekarar da aka gan ta kuma a tsibirin Jawa na Indunusiya. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, irin wadda kafso ba ya kashewa, saboda haka ja-da-rawayan da ake fasawa a ruwansu, da barkono da ɓawon maɗaci da ake jiƙa musu, duk da kyakkyawar niyyar masu yi, ba sa tsayar da ita.

Mutane sukan ce iska ce ke kawo ta, amma bisa haƙiƙa mafi yawan tafiyarta a hannunmu take yi. Wanda ya ga kajinsa sun fara kwanciya sai ya yi maza ya kwashi sauran ya kai kasuwa kafin su mutu masa, wani bawan Allah ya ga araha ya saya, ya saki cikin nasa. Ko a jefar da mushe a juji inda kajin maƙwabta ke tono. Ko a fige marar lafiya a watsar da gashi da kayan ciki a tsakar gida. Sayar da dabba tare da ɓoye aibinta algus ne wanda shari'a ta haramta, kuma cutarwarsa a nan ba ta tsaya ga mai saye ba, tana kai wa ga unguwa duka. Abin da ya wajaba shi ne duk kazar da ta shigo gida, ko ta saye ce ko ta kyauta, a keɓe ta sati biyu a ga lafiyarta. Wadda ta kamu a raba ta da sauran nan take. Wadda ta mutu kuma a haƙa rami mai zurfi a binne ta ko a ƙone. In kuwa mutuwar ta zo farat ɗaya da yawa, to, a sanar da ma'aikatan dabbobi, kada yara su taɓa, domin murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, takan yi kama da wannan ciwo, ita kuwa tana iya kama mutum.

Imani da ƙaddara bai hana riƙo da sababi ba, sababin kuwa yana nan, wato rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke wurin tun 1924, tana yin maganin rigakafin wannan ciwo, har da wani iri da ake kira I-2, wanda masana na ƙasar Ostareliya suka samar domin kajin ƙauye, saboda ya fi sauran jure rashin firiji. Ba allura ba ce, ɗigo guda ne a ido: a riƙe kaza a hammata, a karkata kanta, a ɗiga, a dakata har ta ƙifta ruwan ya shige, sa'an nan a sake ta. Ana maimaitawa bayan kowane wata 4, ana kuma yi wa masu lafiya ne kaɗai, domin ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu; shi ya sa lokacinsa mafi muhimmanci shi ne ƙarshen kaka, wajen Oktoba, kafin iska ta juya. Da yake kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an haɗa ta da ruwa ba ta jimawa take lalacewa, ya kamata matan unguwa su haɗa kuɗi, mai unguwa ya sa rana tare da malamin dabbobi, a bar kaji a akurki wannan safiya kada a sake su, a bi gida gida tun da sanyin safe har a gama kafin rana ta ɗaga.