Fita Daji a Tsarin Sikawut: Misali daga Ƙasar Tamale

1.0 Gabatarwa

Kalmar "sikawut" ararriya ce daga Ingilishi. Asalinta tana nufin mutumin da ake turawa gaba ya dubo hanya, ya komo da labari. A yau Hausawa na amfani da ita wajen ambaton ƙungiyar yara da matasa masu sa yunifom da ɗaura ƙyalle a wuya. Jama'a da yawa ba su san 'yan sikawut ba sai a filin fareti, kamar na ranar 6 ga Maris da Ghana ke bikin samun 'yancin kai. To amma fareti ƙaramin ɓangare ne na aikinsu. Babbar makarantarsu ita ce daji. Wannan takarda za ta bayyana abin da yaro ke koya idan ya fita daji a ƙasar Tamale, da dalilin da ya sa ake koya masa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Wanda ya kafa ƙungiyar wani hafsan sojan Ingila ne, Robert Baden-Powell. A 1907 ya kwashi yara kimanin 20 ya yi zango da su a tsibirin Brownsea na Ingila, kuma a 1908 ya fitar da littafin da ya zama tushen tsarin. Kafin wannan ya taɓa zuwa ƙasar da ake kira Ghana a yau, domin yana cikin rundunar da Turawa suka tura Kumasi a 1895 zuwa 1896, wadda ta kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya. 'Yan sikawut kan danganta al'adarsu ta gaisawa da hannun hagu da wannan tafiya. Ƙungiyar ta kafu a Ghana a 1912, ta kuma shiga ƙungiyar sikawut ta duniya a 1960.

Sai dai kwana a daji bisa tsari ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun kafin zuwan Turawa fataken Hausa ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga sayen goro. Ayarinsu na da madugu mai shugabanci da jagaba mai nuna hanya, inda suka sauka kuma shi ne zango. Daga wannan kalma aka samu "Zongo", sunan unguwannin baƙi a Tamale da sauran garuruwan Ghana.

3.0 Shirin Fita

Akan raba yara ƙananan rukunoni na mutum 6 zuwa 8, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran. Babban malami yana lura ne daga gefe. Yaran su ne za su raba aiki a tsakaninsu: wannan ɗebo ruwa, wancan itace, wani girki, wani kafa tanti. Hikimar ita ce, a taron mutum bakwai malalaci ba shi da maɓoya. In mai ɗebo ruwa ya yi sakaci, kowa zai kwana da ƙishirwa, kuma kowa ya san mai laifin.

Lokacin fita ma abin dubawa ne. Damina a Tamale kan kama daga wajen Mayu zuwa Oktoba, lokacin da ciyawa ke tsawo, sauro ya yawaita. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, ga hazo ga sanyin dare, don haka sai da bargo. A Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, saboda haka da sassafe ake tafiya, a huta a inuwa da tsakar rana.

4.0 Abubuwan da Ake Koya

4.1 Gane hanya

Darasin farko shi ne kada a ɓata. Ana koyar da taswira da kamfas, amma ana kuma koyar da abin yi idan babu su. Da rana sai a kafa sanda a ƙasa, a sa dutse a ƙarshen inuwarta. Bayan kamar minti 20 a sake sa wani dutsen inda inuwar ta koma. Layin da ya haɗa duwatsun biyu yana nuna gabas da yamma, kuma dutsen farko shi ne na yamma. Da dare akwai tauraron arewa, amma a Tamale yana can ƙasa-ƙasa, kimanin digiri 9 kawai daga doron ƙasa, har hazo kan rufe shi. Yaro Musulmi na da ƙarin amfani da wannan darasi, domin daga Tamale alƙibla na gabas ne, ta ɗan karkata arewa.

4.2 Ruwa

Ba kowane ruwa ake sha ba. Mutanen wannan yanki sun san haka sarai, domin sun daɗe suna fama da kurkunu, ciwon da ake ɗauka ta shan ruwan tafki. A 2007 cutar ta yi tsanani a Savelugu, arewa da Tamale. A 2010 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a Ghana, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Tace ruwa da ƙyalle na cikin dabarun da suka kawo wannan nasara. Amma tacewa ba ta kashe ƙwayoyin gudawa da taifot, don haka ana koya wa yaro ya tace, sa'an nan ya tafasa. In wani ya kamu da gudawa, sai a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

4.3 Wuta

Hura wuta ba wuya. Tsare ta shi ne aiki. Da rani ciyawa ta bushe, iska na kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gonaki da itatuwan kaɗanya da ɗorawa, waɗanda matan karkara ke dogaro da su wajen samun man kaɗe da daddawa. Ghana na da dokar hana gobarar daji tun 1990. Saboda haka yaro zai share fili kewaye da murhu, ya kafa duwatsu uku, ya ajiye ruwa kusa. In an gama girki ya kashe wutar da ruwa da ƙasa, har sai ya iya taɓa tokar da hannunsa.

4.4 Agajin gaggawa

Macijin da aka fi tsoro a irin wannan daji shi ne kububuwa. Ana koya wa yara su sa rufaffen takalmi, su riƙe tocila da dare, su kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Idan maciji ya sari wani, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau da igiya. Sai a kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti da sauri. A nan ne darasin ƙulli ke nuna amfaninsa: da sanduna biyu da igiya da riguna, yara za su iya haɗa abin ɗaukar majinyaci.

4.5 Lura

Akwai wasan da ake jera ƙananan abubuwa kamar 20 a faranti, yara su duba na minti ɗaya, a rufe, kowa ya faɗi abin da ya tuna. Daga nan sai a koma ga sawun dabbobi da sunayen itatuwa. Mai son ganin sawun giwa da gwanki yana iya zuwa gandun dajin Mole, kusa da Larabanga, yamma da Tamale.

5.0 Kammalawa

Tamale na cikin biranen da ke saurin bunƙasa a Afirka ta Yamma. Yaron da ya tashi a cikinta yana iya girma bai taɓa kwana a fili ba, bai kuma san bambancin kaɗanya da ɗorawa ba. Yawancin abin da aka lissafa a sama kakanninsa, Dagomba manoma ko Hausawa fatake, sun san shi ba tare da yunifom ba. Fita daji hanya ce ta mayar masa da wannan sani, tare da gyara abin da likitanci ya nuna kuskure ne, kamar tsaga saran maciji.

6.0 Wasu Kalmomi

Ayari: taron matafiya masu tafiya tare.
Zango: wurin da matafiya ke sauka su kwana.
Tamau: ɗauri mai ƙarfi sosai.
Tartsatsi: ƙananan ɓarɓashin wuta masu tashi sama.

7.0 Tambayoyi

1. Me ya sa ake raba yara ƙananan rukunoni?
2. Bayyana yadda ake gane gabas da yamma da sanda.
3. Fito da ararrun kalmomi biyar daga wannan takarda, ka faɗi harshen da aka aro kowacce.