Kada Ƙanshin Na'ana'a Ya Ruɗe Ki

'Yan'uwana mata, a jihar Kentaki ta Amurka akwai wani abin sha, julef, wanda ake sha ranar babbar sukuwar dawakinsu da aka fara a 1875. Ana murza na'ana'a da sukari a kofi, a cika da dakakkiyar ƙanƙara, a zuba burbon. To, burbon ɗin nan giya ce mai ƙarfi, ta masara. Wadda duk ta je can karatu, ta tambaya kafin ta kurɓa.

Ga namu na halal: ganye takwas, sukari cokali ɗaya. A murza a hankali, in an dandaƙa sai ya yi ɗaci. A matsa lemun tsami, a ƙara ruwan sanyi. Maigida da baƙi sai sun nemi ƙari.