Me ke faruwa a cikin kai idan 'yan wasan zari-ruga mata suka yi karo?

Mai karatu, idan ka taɓa kallon wasan zari-ruga a talabijin, abin da zai fara ɗaukar hankalinka shi ne karo. Mutum ya rungume ƙwallo ya sheƙa a guje, wasu biyu ko uku su tare shi da kafaɗa su kai shi ƙasa, ya miƙe a ci gaba kamar ba a yi komai ba. A ƙasar Ostareliya yanzu mata ma sun mai da wannan wasa sana'a, ana biyansu albashi, dubban mutane na sayen tikiti su kalle su. To amma me wannan karon ke yi wa ƙwaƙwalwa? Kuma jikin mace da na namiji iri ɗaya suke ɗaukarsa? Za mu bi waɗannan tambayoyi ta kan ƙungiyar matan Brisbane Broncos, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa cin kofi a gasar.

Wasan da ƙungiyar

Zari-ruga iri biyu ne. Akwai mai 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, akwai kuma mai 13 wanda ake kira lig, kuma shi muke magana a kai. Ya samo asali ne a 1895 a garin Huddersfield na arewacin Ingila, lokacin da ƙungiyoyin yankin suka ɓalle saboda suna son a riƙa biyan 'yan wasansu, waɗanda yawancinsu leburori ne, ladan ranakun aikin da suke rasawa. A dokar lig, idan aka kayar da ku sau shida ba ku ci ba, sai ku miƙa ƙwallo ga abokan karawa. Bayan kowane kayarwa kuma masu tsaron gida sai sun ja baya mita 10. Riƙe wannan mita 10 ɗin, za mu dawo kanta.

Gasar mata ta ƙwararru a Ostareliya, wadda aka fi sani da NRLW, ta fara ne a 2018 da ƙungiyoyi huɗu kacal. Broncos ta ɗauki kofin shekara uku a jere, 2018 da 2019 da 2020, ƙarƙashin kyaftin Ali Brigginshaw, sannan ta sake ɗauka a 2025, lokacin da ƙungiyoyin suka kai 12. Tsawon wasan ma ya ƙaru daga minti 60 zuwa 70. Ka ga kenan yawan wasanni ya ƙaru, gudu ya ƙaru, jikin 'yan wasan ya ƙara ƙarfi. Duk waɗannan abin murna ne, amma kowannensu ƙarin karo ne.

Ɗan lissafi kaɗan

Mu ƙaddara 'yar wasa mai nauyin kilo 75 tana gudun mita 7 a daƙiƙa guda, wato kusan kilomita 25 a awa. A lissafin kimiyyar fiziks, wannan gudun daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin mita biyu da rabi a lokacin da zai taɓa ƙasa. Kamar dirowa daga kan katangar gida kenan. Ita kuma wadda za ta tare ta ba a tsaye take ba, ta taso ne daga mita 10 ɗin nan, da nata gudun. Ƙarfin da abu mai motsi ke ɗauke da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunsa: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa ɗan ƙarin gudun da horo ke kawowa yake zama babban ƙari a wurin karo.

Yawancin wannan ƙarfi kafaɗu da ƙirji da cinyoyi ne ke shanye shi. Matsalar tana zuwa ne idan wani kaso ya haura zuwa kai.

Abin da ke cikin ƙoƙon kai

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma laushinta bai wuce na awarar da ba a soya ba. Tana zaune ne cikin wani ruwa a cikin ƙoƙon kai. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace da wani dogon zare siriri da take aika saƙo ta cikinsa, kamar wayar lantarki.

Mutane da yawa na ɗauka sai an bugi kai kafin ƙwaƙwalwa ta ji rauni. Ba haka ba ne. Ko a ƙirji aka bangaje ka, muddin kanka ya fizgu, ƙoƙon zai motsa kafin abin da ke cikinsa ya bi. Tun a 1943 wani masanin fiziks a Oxford mai suna Holbourn ya yi gwaji da ƙwaƙwalwar da ya kwaikwaya da wani abu mai yauƙi, ya nuna cewa juyawar kai farat ɗaya ta fi turawa gaba ko baya ɓarna. Gwada da kwanon kunun da ya fara daskarewa: ka tura shi gaba, kunun zai bi salin-alin, ka murɗa kwanon da sauri, sai ka ga gefe ya tafi tsakiya ta tsaya, ya tsage. Haka zaren jijiyoyin nan ke miƙewa su murɗe.

Idan zaren ya miƙe fiye da ƙima, fatarsa kan buɗe. Sinadarin fotashiyam ya tsiyaye waje, kalshiyam ya kwararo ciki. Don a mai da kowa mazauninsa, ƙwayar tana buƙatar makamashi mai yawa, a daidai lokacin da jinin da ke kawo mata abinci ya ragu. Buƙata ta hau, kaya sun yi ƙaranci. Wannan halin shi likitoci ke kira jijjigar ƙwaƙwalwa, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya daidaita. A cikin kwanakin nan ƙwaƙwalwa ba ta da juriya, bugu na biyu ko da bai kai na farko ba zai iya fin sa illa.

Abu biyu ya kamata ka riƙe a nan. Na farko, mafi yawan waɗanda suka samu wannan jijjiga a wasa ba sa suma. Masu suman ba su wuce ɗaya cikin goma ba. Na biyu, hoton ƙwaƙwalwa na asibiti galibi ba ya nuna komai, domin ɓarnar ta yi ƙanƙanta ga idon na'urar. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ganin dishi-dishi, ƙin haske ko hayaniya, mantuwa, da saurin fushi. Wasu ma sai bayan sa'o'i suke bayyana.

To ina bambancin mace da namiji?

A wasannin da maza da mata ke yi da doka ɗaya, irin su ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando, bincike ya sha nuna cewa an fi samun rahoton jijjigar ƙwaƙwalwa a mata, kuma sau da yawa alamomin sun fi daɗewa a jikinsu. Masana na duba dalilai da dama.

Na farko wuya. A matsakaici, wuyan mace ya fi siranta kuma tsokarsa ba ta kai ta namiji ƙarfi ba, idan aka gwada da nauyin kan da yake ɗauke da shi. Wuya shi ne birkin kai. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan dubban ɗaliban sakandare a Amurka ya gano cewa duk ƙarin ƙarfin wuya na kusan rabin kilo yana tafiya da raguwar haɗarin jijjiga da kashi 5 cikin 100.

Na biyu zaren jijiyar kansa. Masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun raini ƙwayoyin jijiya a ɗakin gwaji, suka ga zaren na mata ya fi siranta, kuma 'yan ginshiƙan da ke riƙe shi daga ciki ba su kai na maza yawa ba. Da aka ja su da ƙarfi iri ɗaya, na mata sun fi karyewa. Gwajin ɗaki ne dai, ba filin wasa ba, amma ya ba da haske.

Na uku kuwa ba halitta ba ce, tarihi ne, kuma labarin Ali Brigginshaw ya nuna shi. Ta fara wasan tun tana ƙarama tare da yara maza, amma da ta kai shekara 12 dole ta bari, domin a lokacin babu gasar 'yan mata masu shekarunta. Sai bayan shekaru ta dawo. Wasu kuma, irin su Tamika Upton, sun yi suna ne tun farko a wani nau'in wasan da taɓa mutum kawai ake yi, ba kayarwa. Namijin da ya kai matakin ƙwararru ya yi shekara goma ko fiye yana koyon inda zai sa kansa idan zai tare mutum, da yadda zai faɗi ba tare da ƙeyarsa ta bugi ƙasa ba. Da yawa daga cikin matan farko na gasar ba su samu waɗannan shekarun ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu bincike a Jami'ar Swansea da suka bibiyi ɗalibai masu buga zari-ruga na 'yan 15 sun lura cewa a wajen mata, buguwar kai da ƙasa bayan faɗuwa na cikin manyan hanyoyin samun raunin. Wannan kuwa abu ne da horo ke gyarawa.

Akwai kuma giɓin da ke cikin ilimin kansa. Wani nazari na 2021 da ya tantance dubban rahotannin binciken kimiyyar wasanni ya gano cewa kashi 6 cikin 100 ne kawai aka yi a kan mata zalla. Wato yawancin ƙa'idojin da ake kula da lafiyar 'yan wasa mata da su, a jikin maza aka auna su.

Abin da ake yi a fili

Idan 'yar Broncos ta bugu a kai, ana fitar da ita na minti 15 likita ya gwada tunaninta da tsayuwarta. Akwai kuma wani likita mai zaman kansa da ke kallon bidiyon wasan, wanda zai iya ba da umarnin a fitar da ita ko da ta ce lafiyarta ƙalau. Idan an ga alama ƙarara, kamar suma ko tangaɗi, ba ta komawa ranar. Daga 2023 kuma duk wadda aka tabbatar ta samu jijjiga sai ta huta kwana 11 kafin ta sake wasa.

A nan ne fa batun kuɗi ke shigowa. Yarjejeniyar 2023 ta sa mafi ƙarancin albashin shekara a dalar Ostareliya 30,000, zai hau zuwa 50,600 a 2027. A tsadar rayuwar can, wannan bai isa mutum ya ajiye wani aiki ba, shi ya sa da yawansu suna haɗa wasan da aiki ko karatu. Kakar wasan kuma gajeriya ce, zagaye 11 a 2025. Wadda ta rasa wasa ɗaya ko biyu tana iya rasa gurbinta. Ka ga jarabawar ɓoye ciwon kai ba ƙarama ba ce, kuma dalilin da ya sa ba a bar wa 'yar wasa ko kocinta hukuncin ba kenan.

Hular soso da wasu ke sawa fa? Tana kare kunne da fatar kai daga yagewa, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa murɗewa a ciki. Abin da ya fi amfani shi ne ƙarfafa wuya, koyon tarewa da faɗuwa, rage karo a lokacin atisaye, da hukunta duk wanda ya kai hannu ko kafaɗa kan abokin wasa.

Damuwar gobe

Akwai wata cuta da ake kira CTE, inda wani furotin mai suna tau ke taruwa a ƙwaƙwalwar wanda ya daɗe yana shan bugu a kai. Ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutuwa. A 2019 masu bincike a Sydney suka ba da rahoton samunta a ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasan lig biyu maza. A 2023 kuma aka tabbatar da ita a ƙwaƙwalwar Heather Anderson, wadda ta buga wani wasan karo na daban, ƙwallon ƙafa irin ta Ostareliya, ta rasu tana da shekara 28. Ita ce ƙwararriyar 'yar wasa mace ta farko da aka tabbatar wa cutar. Ba duk mai wasan karo ke kamuwa ba, amma shaidu na nuna haɗarin na ƙaruwa da yawan shekarun shan bugu, har da ƙananan da ba sa nuna alama.

Kai kuma fa?

Ba sai kana Brisbane wannan ilimi zai yi maka amfani ba. Ɗan dambe, da yaran da suka yi gware suna neman ƙwallon sama, da wanda ya faɗo daga babur, duk ƙwaƙwalwa iri ɗaya suke ɗauke da ita. Idan wani ya bugu a kai ya fara jiri ko ruɗewa, a fitar da shi daga wasan ranar, kada a ce ya watsa ruwa ya koma. Ya samu sauƙin aiki da rage kallon waya na kwana ɗaya ko biyu, sannan ya fara ɗan tattaki a hankali. Hukumar wasanni ta Ostareliya ta ba da shawara a 2024 cewa yara da masu wasan unguwa, waɗanda ba su da likita a gefe, su jira aƙalla kwana 21 kafin su koma gasar karo. Idan kuwa amai ya maimaitu, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci ya fi ƙarfinsa, ko ya yi farfaɗiya, ko wani sashen jiki ya yi sanyi, wannan na iya zama zubar jini a cikin kai. A garzaya asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.