Idan Neman Aure Ya Watse

A ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, da an gama girbin gero da dawa samari da yawa sukan tafi cin rani Kano ko Legas don su haɗa kuɗin lefe. Wani ya dawo da guzurinsa ya tarar an ba wani yarinyar. Wata kuma an yi mata baiko, saurayin ya tafi, ba aike ba labari. Asarar iri biyu ce, ta dukiya da ta zuciya.

Ta dukiya tana da ƙa'ida. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Jihar Jigawa suke bi, idan saurayi ne ya fasa, ba ya karɓar kyautar da ya yi. Idan daga gidan yarinya aka fasa, sai a mayar masa da kayansa ko kuɗinsu. Sadakin da aka biya tun ba a ɗaura aure ba kuwa, ana mayar da shi ko wa ya fasa. Saboda haka duk abin da aka kai, a kai shi gaban shaidu, a rubuta. In rigima ta taso, a fara da iyaye da mai unguwa da dagaci kafin a je gaban alƙali.

Ta zuciya ta fi wuya, domin mai fushi yakan ƙara wa kansa asara. Wani ya sayar da gona ko shanun huɗa don ya nuna shi ma ya isa. Wani ya bi dandali yana ɓata sunan wadda jiya yake yabo. Wata ta yi auren huce haushi da wanda ba ta san halinsa ba, kafin shekara ta dawo gida.

Kai saurayi, ke budurwa, abin da kuke nema tun farko, wato gaskiya da riƙon amana da sana'a, kada ku rage shi don an yaudare ku. Ku gaya wa wani babba damuwarku, ku koma bakin aiki, ku bar damina guda ta wuce kafin ku sake magana. Iyaye kuma ku daina gori. Wani hanin ga Allah baiwa ne. Wanda ya fita da mutuncinsa da gonarsa, ba zai rasa abokin zama ba.