Shin Ko Kun San? Iskar Hadari Ba Ta Shiga Sakkwato Babu Sallama

Shin ko kun san cewa iskar da ke yaye rufin kwano a Mabera ko Arkilla da farkon damina, galibi daga gabas take fitowa? Damshin da ke zama ruwan sama, iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko shi daga Tekun Atlantika, amma shi hadarin kansa daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. A can sama, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga gabas duk tsawon damina, ita ce ke koro shi. Shi ya sa manomin Wurno ko Rabah in yana neman ruwa, gabas yake dubawa.

Shin ko kun san irin wannan hadarin yana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a sa'a? Katsina da Sakkwato kusan a kan layi ɗaya suke, tsakaninsu kimanin kilomita 250 a miƙe. Ke nan hadarin da ya ratsa Katsina da la'asar, in bai watse a hanya ba, zai iya ƙwanƙwasa ƙofar Sakkwato bayan isha'i. Sa'o'i huɗu zuwa biyar ke nan, lokacin da ya ishi mutum ya kwashe shanya, ya janye mota daga ƙarƙashin dogon yaro, ya kira yara su dawo gida. In ya wuce mu sai ya nufi Dogondutsi da Yamai.

Ba ƙaramin abu ba ne kuwa. Hadari ɗaya yakan yi sahu mai tsawon ɗaruruwan kilomita daga arewa zuwa kudu, yakan kuma rayu fiye da rabin yini yana tafiya. Da yawansu a kan tuddai suke haihuwa da rana tsaka zuwa la'asar, kamar tsaunukan Jos, da duwatsun Azbin a Nijar, da na Darfur a Sudan. Mafi yawan ruwan da yankin Sahel ke samu a shekara, waɗannan manyan hadarurruka ne ke kawo shi. Abin da ke cire rufi shi ne dai abin da ke shayar da gero.

Shin ko kun san me ya sa iska da ƙura suke riga ruwa isowa? Idan ruwa ya fara zubowa daga girgije ya ratsa busasshiyar iska, wani sashensa yana ƙafewa tun bai taɓa ƙasa ba. Ƙafewar nan tana sanyaya iskar, iska mai sanyi kuwa nauyi gare ta, sai ta rufto ƙasa da ƙarfi, ta bazu ta yi gaba, ta tsere wa hadarin da ya haife ta. Ita ce ke tattaro ƙura ta yi jan bango a gabas. Ita ce kuma sanyin nan da ake ji farat ɗaya bayan an yini cikin zufa, don zafi yakan sauka da maki 10 ko kusa da haka cikin 'yan mintoci.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa iskar watan Mayu da Yuni ta fi ta Agusta ɓarna. A farkon damina sararin sama a bushe yake bayan zafin bazara da ke haura maki 40, saboda haka ƙafewar ta fi yawa, iskar da ke ruftowa ta fi ƙarfi, ƙasa kuma tsirara take babu ciyawar da za ta riƙe ƙura. Wani lokacin ma iskar kaɗai za a sha, ruwan ya ƙafe a sama, a tashi da ƙasa a cikin tuwo babu ko ɗigo.

Shin ko kun san ba a kowane wuri ake auna iska ba? Ƙa'idar duniya ita ce a ɗora na'urar a kan turke mai tsayin mita 10, a fili, nesa da gini da itace. Wannan ne ya sa tashoshin auna yanayi suka fi zama a filayen jiragen sama, irin filin Sultan Abubakar III da ke nan Sakkwato. Na'urar nan mai ƙoƙuna da ke juyawa, wani masanin taurari ɗan ƙasar Ailan, Thomas Romney Robinson, ya ƙirƙiro ta a 1846.

Lamba biyu ake fitarwa, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Ta farko matsakaicin gudun iska ce a cikin minti 10. Ta biyu ita ce bugu mafi ƙarfi, wanda ake aunawa a daƙiƙa 3 kacal. Idan kuka ji an ce iska za ta yi gudun kilomita 40 a sa'a, kada ku saki jiki, ku nemi lamba ta biyu. Daƙiƙa ukun nan ne ke fizge ƙusa.

Shin ko kun san idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninkawa huɗu yake yi? Iska mai gudun kilomita 100 a sa'a tana danna kowace murabba'in mita ta bango da nauyin da ya kusa kai buhun siminti guda. Rufi kuwa ba danna shi take yi ba, tsotse shi take yi sama, kuma daga gefe da kusurwa take farawa. In ƙofa ko taga tana buɗe ta ɓangaren da iskar ke bugowa, sai ta shiga ɗaki ta tura rufin daga ciki, ta sama na ja, ta ƙasa na turi. Kakanninmu masu soro da azara da rawanin gini ba su san wannan matsalar ba, tasu ita ce yoyo da toshewar indararo. Mu da muka koma kwano, ya kamata kafinta ya san cewa ɗaure katako da jikin gini ya fi kyan fenti muhimmanci.

Shin ko kun san za ku iya ƙiyasta gudun iska da ido? Wani hafsan sojan ruwan Ingila, Francis Beaufort, ya tsara ma'auni a 1805 mai matakai daga 0 zuwa 12, har yau ana aiki da shi. A mataki na 6, kilomita 39 zuwa 49 a sa'a, manyan rassa suna rangaji, wayoyin lantarki suna fito. A na 8, kilomita 62 zuwa 74, ƙananan rassa suna karyewa, tafiya da ƙafa tana gagara. A na 10, kilomita 89 zuwa 102, ana tumɓuke itace da saiwarsa. Na 12 yana farawa daga kilomita 118. Bugun iska mafi ƙarfi da na'ura ta taɓa aunawa a doron ƙasa, in an cire guguwar tornado mai juyawa, shi ne kilomita 408 a sa'a, a tsibirin Barrow na Ostireliya, ranar 10 ga Afrilu, 1996.

Shin ko kun san gargaɗin iska daga asarar rayuka ya samo asali? A watan Oktoba na 1859 guguwa ta nutsar da jirgin ruwan Royal Charter a gaɓar Birtaniya, mutum fiye da 400 suka halaka. Masanin yanayi Robert FitzRoy ya ce da an tattara rahoton tashoshi ta wayar tangaraho da an hango ta. A 1861 ya fara sa a rataya alamu a tashoshin jiragen ruwa don masunta da matuƙa su gani su zauna gida.

Launukan da ake gani yau a taswirar gargaɗi su ma haka. Bayan guguwa biyu da suka daki Faransa a ƙarshen Disamba 1999, hukumar yanayin ƙasar ta gane cewa jama'a ba su fahimci lambobinta ba, sai ta fito da launi huɗu a 2001. Kore, babu damuwa. Ruwan ɗorawa, a sa ido. Ruwan lemo, a yi shiri sosai, abu mai haɗari na tafe. Ja, a ɗauki mataki yanzu, rai na cikin haɗari. A Ingila abu biyu ake haɗawa kafin a zaɓi launi: girman ɓarnar da za a iya yi, da kuma yiwuwar aukuwarta. Saboda haka ruwan ɗorawa ba ya nufin iskar ƙarama ce. Yana iya nufin babba ce, amma ba a tabbatar ta nan za ta bi ba. A ganina wannan ne abin da ya fi wuyar shiga kunne, don mutum in an gargaɗe shi sau biyu bai ga komai ba, na uku ba ya ko waiwayawa.

Shin ko kun san a Nijeriya hukumar NiMet ce doka ta ɗora wa wannan aiki? An kafa ta da dokar 2003, tana ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama. A farkon kowace shekara tana fitar da hasashen damina, wanda yanzu ake fassarawa har da Hausa, sannan tana fitar da hasashen kwana uku-uku, inda sau da yawa take jan kunne cewa iska mai ƙarfi za ta iya riga ruwa isowa. Maƙwabtanmu na Yamai kuwa suna da manyan cibiyoyi biyu: AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan farin da ya addabi Sahel, da ACMAD, mai hidimar nahiyar Afirka baki ɗaya.

Sai dai hasashen hadarinmu yana cikin mafi wuya a duniya. Kwamfutar da ke iya faɗin yanayin Turai na kwana biyar tana shan kashi a Sahel, don tashoshin aunawa sun yi ƙaranci, hadarin kuma daga ƙaramin girgije yake farawa ya zama dodo cikin sa'o'i kaɗan. Ana iya cewa gobe akwai yiwuwar hadari a jihar Sakkwato, amma ba a iya cewa Gidan Igwai zai bi ko Kwannawa. Abin da ya fi inganci shi ne a bar shi ya haihu tukuna, sannan a bi sawunsa. Taurarin ɗan'adam na Meteosat, da ke tsaye kilomita 36,000 a sama, suna ɗaukar hoton Afirka duk minti 15, sabon da aka harba a Disamba 2022 kuwa duk minti 10, har da na'urar ƙirga walƙiya. Gargaɗin sa'a biyu zuwa shida da ake samu ta wannan hanya shi ne ya fi dacewa da mu.

Shin ko kun san wannan iskar mai ruftowa daga girgije ita ce babbar abokiyar gabar jirgin sama a lokacin tashi da sauka? Sakkwatawa ba sa bukatar a tuna musu. Ranar Lahadi 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC da ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da barin ƙasa, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi Maccido. Allah ya jiƙansu da rahama. Bincike ya nuna jirgin ya tashi cikin yanayin hadari, ya shiga wurin da iska ta sauya gudu da alƙibla farat ɗaya. Daga baya an girka na'urorin gano irin wannan sauyi a wasu filayen jiragen ƙasar nan. In aka jinkirta muku jirgi saboda hadari, ku rage ƙorafi.

Hunturu ma yana da nasa gargaɗin. Mafi yawan budar da ke rufe gari tsakanin Nuwamba da Fabrairu daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Idan tashar Faya-Largeau ko ta Bilma ta ba da rahoton ƙura ta tashi, masana sun san kwana ɗaya ko biyu za ta iso Arewa.

Shin ko kun san hadarinmu yana da jikoki a Amurka? Duk kwana 3 zuwa 5 wani lanƙwason iska yana ratsa Sahel ya faɗa teku ta wajen Senegal, kuma mafi yawan manyan guguwowin da ke dukan tsibiran Karibiyan da kudancin ƙasar Amurka daga nan suke farawa. Mu ba sa zuwa mana, don sai da ruwan teku mai ɗumi suke rayuwa.

Shin ko kun san hadarin ƙara tsanani yake yi? Wani bincike da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda mujallar Nature ta buga a 2017, ya duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa hadarurruka mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ya danganta hakan da ƙaruwar zafin hamadar Sahara.

A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawarin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan'adam zai kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗin gaggawa, bisa ƙiyasin cewa gargaɗin sa'a 24 yana iya rage ɓarna da kashi 30 cikin ɗari. Tauraro yana sama, hukuma tana Abuja, amma mai rumfa a kasuwar Kara da ɗan kabu-kabu a Dandima ba taswirar intanet da Turanci suke dubawa ba. Gidan rediyon Rima, da saƙon waya da Hausa, da lasifikar masallacin unguwa, su ne za su iya kai maganar kafin bangon ƙura ya bayyana. Kafin a kai can, ga lissafin da kowa zai iya yi daga ƙofar gidansa: in ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ƙirgarka ba ta kai 30 ba, ka shiga gini, ka rufe ƙofa da taga, kada ka fake ƙarƙashin itace ko kusa da turken lantarki.