Wata Shida Da Ɗalibin Injiniya Bai Kamata Ya Yi Wasa Da Su Ba

Duk wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na birnin Zazzau ya ɗaga kai, zai ga bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Ƙasa ce da azara, babu siminti babu rodi. Gwanin ya san nauyin da rufi zai ɗauka ne domin hannunsa ya daɗe cikin laka.

Yau 'ya'yan wannan birni kan fita ta Ƙofar Doka su nufi Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, inda karatun injiniya ke cin shekara biyar. A shekara ta huɗu ake tura su koyon aiki na wata shida a ƙarƙashin SIWES, shirin da asusun horaswa na ITF ya fara a 1973 saboda kukan masu masana'antu cewa masu digiri ba su iya aiki da hannu ba.

A nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro zai nemi ofishin kawunsa, ya leƙa sau ɗaya a mako, a sa masa hannu a littafi, shi ke nan. Gaskiya ne masaƙun Kakuri a Kaduna, waɗanda a da ke kwasar ɗalibai, yawancinsu sun rufe. Amma Zariya ba ta rasa wurin koyo ba: akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, wadda ke horar da masu gyaran jirgi, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta NITT, da cibiyar binciken sinadarai ta Basawa. Ko mai walda da mai haɗa sola a Tudun Wada, suna da abin da allo ba ya koyarwa.

Digiri kaɗai kuma ba ya sa a kira mutum injiniya a doka. Sai hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ta yi masa rajista bayan ya yi shekaru yana aiki. Sau da yawa wanda ya ga ƙwazon yaro a watannin nan shi ke tuna shi ranar ɗaukar ma'aikata.

Iyayenmu na cikin birni, don Allah idan yaro ya ce ya tafi SIWES, ku tambaye shi injin da ya kwance a makon nan.