Ranar da Lantarki Ya Tsayar da Makyarkyata

A shekarar 1987, a asibitin jami'ar Grenoble da ke Faransa, likitan ƙwaƙwalwa Alim-Louis Benabid ya shiga ɗakin tiyata da niyyar ƙona wani ɗan wuri can cikin kan majinyaci. Haka ake yi a zamanin idan karkarwar hannu ta gagari magani: a lalata ɗigon nama a sashen da ake kira talamus. Abin da aka ƙona kuwa ya ƙonu har abada, kuma yin sa a ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu yakan taɓa maganar mutum.

Majinyacin idonsa biyu, domin ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin zafin yanka. Kafin ƙonawa, akan zura siririyar waya a saki lantarki kaɗan don a tabbatar an isa wurin. Benabid, ɗan wani Ba'aljeriye da Bafaransa, wanda bayan likitanci ya yi digirin dakta a kimiyyar fiziks, sai ya riƙa ƙara saurin bugun. Da ya haura bugu 100 a daƙiƙa, hannun da ya daɗe yana kaɗawa ya tsaya cak. Ya kashe, karkarwa ta dawo. Ya kunna, ta ɗauke. Nan ya gane ba sai an ƙona ba. A bar wayar a ciki, a binne batir a ƙirji ƙarƙashin fata.

Sai dai cutar Parkinson, ɗaya daga cikin masu kawo irin wannan karkarwa, ta wuce karkarwa kawai. Jiki kan sandare, taku ya gajarce, fuska ta daina motsi, mutum ya tsaya a bakin ƙofa ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Mabuɗin wannan ya fito daga inda ba a zata ba. A 1982, a Kalifoniya, aka kawo wa likita William Langston wasu 'yan ƙwaya da suka ƙame cikin 'yan kwanaki bayan sun yi allurar jabun hodar heroyin. Gubar da ke ciki, MPTP, ta kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, kamar yadda Parkinson ke yi. Da ita masana suka haddasa cutar a jikin birai, har a 1990 Mahlon DeLong da abokan aikinsa Hagai Bergman da Thomas Wichmann suka nuna cewa wani ɗan curi ƙarƙashin talamus, wanda bai kai ƙwayar wake ba, shi ke wuce gona da iri. Da aka lalata shi, biran suka motsa. A 1993 Benabid da Pierre Pollak suka sa waya a wannan curin a kan ɗan adam. Amurka ta amince da aikin ga masu cutar a 2002, kuma a 2014 Benabid da DeLong suka raba kyautar Lasker.

Aikin ba ya warkar da cutar, yana sassauta ta ne, kuma ya fi amfanar wanda maganin lebodofa ke yi masa aiki. Batun lebodofa ɗin nan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Dattijo a Gwaska, cikin dajin Birnin Gwari, da cokalin koko ke zubewa a hannunsa, sai a ce tsufa ne ko sammu, alhali lebodofa na hannun likitoci tun ƙarshen shekarun 1960. Ƙararar nan ta daji mai ƙaiƙayi ma tana ɗauke da lebodofa a ƙwayarta, har likita Roberto Cilia ya gwada gasasshen garinta a kan majinyata a Bolibiya. Ba abin da mutum zai sha da ka ba ne. Likita ke auna shi. Kafin a kai ga batun waya da batir, dattijon nan yana bukatar wanda zai duba tafiyarsa, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu, ya faɗa wa 'ya'yansa sunan ciwon.